Tambaya kan jiragen ɗanyen mai da ke ratsa gari a Kanada

Maman Ilham, Saskatoon

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawarar wanda ya san harkar jirgin ƙasa a nan Kanada. Mun samu gidan haya mai ɗaki uku, kuɗinsa da sauƙi sosai a kan inda muke yanzu, ga makarantar yara kusa. Matsalar ɗaya ce: layin dogo ya bi ta bayan unguwar, daga tagar kicin ana hango shi. Ranar da muka je duba gidan jirgi ya zo wucewa, baƙaƙen tankoki ne a jere, tun ina ƙirgawa har na gaji na bari. Wata mata a unguwar ta ce min ɗanyen mai ne, ta kuma ambaci wani gari a Quebec da irin wannan jirgin ya ƙone. Maigidan ya ce in daina ɗora wa kaina damuwa, ƙasar nan akwai doka. To ni dai hankalina bai kwanta ba. Wace doka ce ke kansu? Wa ke duba su? Kuma abin da ya jawo na garin can, an gyara shi ko dai shiru kawai aka yi? Ranar Litinin ake so mu sa hannu.

Kawu Sale, Edmonton

Wa alaikumus salam, Maman Ilham. Na daɗe ina aiki a wurin da ake ɗura wa tankokin nan mai, don haka bari in ba ki abin da na sani, ke da maigidan ku auna.

Da farko, ba kowane baƙin tanki ba ne ɗanyen mai. A Saskatchewan ɗinku wasu man girki na kanola ne a ciki, wasu takin ruwa, wasu gas. Ki duba jikin tankin, za ki ga wani ɗan allo mai kusurwa huɗu a tsaye kan tsininsa. In ja ne, da lamba 3 a ƙasa, da 1267 a tsakiya, to ɗanyen mai ne. 1203 fetur ne, 1075 kuma gas ɗin girki. Mu a wurin aiki da lambar muke magana, ba da launin tanki ba.

Garin da matar ta gaya miki Lac-Mégantic ne, ɗan ƙaramin gari mai mutum wajen 6,000, kusa da iyakar jihar Maine ta Amurka. Duk wata doka da kika ji ana magana a kai yau, daga daren 6 ga Yulin 2013 ta samo asali, shi ya sa zan ɗan daɗe a kansa.

Jirgin ya ɗauko mai ne daga Dakota ta Arewa, tanki 72, za shi matatar Irving da ke Saint John a New Brunswick. Kamfanin da ke jan sa a wannan yankin ƙarami ne, Montreal, Maine and Atlantic, ana ce masa MMA. Direba ɗaya tal ne a cikin jirgin, ba mataimaki, kuma hukuma ta san da haka. Wajen ƙarfe 11 na dare ya iso Nantes, kilomita 11 kafin garin, lokacin aikinsa ya cika, ya ajiye jirgin a kan babban layi, a kan gangare, ya tafi masauki. Akwai layin gefe a wurin, mai ƙarfen da ke kayar da tarago in ya kufce, amma kamfanin ya mai da shi wurin ajiye wasu taragun.

Jirgi yana da birki iri biyu, na iska da na hannu. Na iska sai injin kan jirgi na aiki yake samun iskar da ke riƙe shi. Na hannu kuwa wani sitiyari ne a jikin kowane tarago, kana murɗawa yana jan sarƙa yana matse ƙafafun. Direban ya ɗaure na hannu guda 7, ya gwada ya ga jirgi bai motsa ba. Sai dai ya yi gwajin ne birkin iska na kan jirgi yana kame. Kamar ka sa wa mota dutse a gangare ne, ka ce dutsen ya riƙe, alhali ƙafarka na kan birki. Masu bincike daga baya sun ce jirgi mai wannan nauyi a kan wannan gangaren sai an ɗaure tsakanin 17 zuwa 26.

Injin da ya bari a kunne dama ba lafiya gare shi ba. Watanni kafin nan an yi masa gyaran kwaskwarima da wani abu mai kama da gam, don a yi saurin mai da shi aiki. Bayan tafiyar direba sai ya kama da wuta. 'Yan kwana-kwanan Nantes suka zo suka kashe wutar, suka kashe injin, kamar yadda ƙa'idar aikinsu ta ce. Kamfanin ya turo ma'aikacin gyaran layi, wanda bai san harkar kan jirgi ba, ya duba ya ce komai lafiya, kowa ya watse. Iska ta yi ta zurarewa a hankali. Gab da ƙarfe 1 na dare jirgi ya fara gangarowa, ba fitila, ba kowa a ciki. Ya shigo tsakiyar gari da gudun kilomita 105 a awa, a kwanar da ba a wuce 16. Tanki 63 suka tuntsure, lita kusan miliyan 6 ta malale, wuta ta bi ta har cikin magudanan ruwa. Mutum 47 suka mutu, da yawansu a wani gidan shaƙatawa mai suna Musi-Café, don daren Juma'a ne wayewar Asabar. Biyar ko gawarsu ba a samu ba.

Abin da ya ba kowa mamaki a lokacin shi ne yadda man ya kama. Mun saba ɗanyen mai abu ne mai kauri, mai nauyin kamawa. Na yankin Bakken da ke Dakota ta Arewa, inda aka ɗauko wannan man, ba haka yake ba, tsinkakke ne, cike da gas, ya fi kusa da fetur. A takardun jirgin kuma an rubuta shi a rukunin da ya fi ƙarancin haɗari. A 2017 kamfanin Irving ya amsa laifi a kan wannan, aka ci shi tarar dala miliyan 4.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Kanada, TSB, ta fitar da rahotonta a Agustan 2014, ta lissafa dalilai 18. Ba direba kaɗai ba: kamfanin da ba ya horar da ma'aikata yadda ya kamata, layin da ya lalace, tankoki masu siririn jiki, da ita kanta ma'aikatar sufuri ta tarayya da ta san halin kamfanin amma ba ta bibiya. Amma da aka tashi kai ƙara, direban da wasu ma'aikata biyu aka gurfanar, kowanne da tuhuma 47. Shugaban kamfanin, Edward Burkhardt, wanda ya zo garin kwanaki kaɗan bayan abin ya ɗora wa direba laifi a gaban 'yan jarida, bai tsaya gaban alƙali a wannan shari'ar ba. An bar jaki ana dukan taiki. A Janairun 2018 masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke su ukun, kuma ko a cikin waɗanda suka rasa 'yan'uwa akwai waɗanda suka ce daidai ne.

To me aka gyara? Cikin makonni aka hana jirgin kaya masu haɗari tafiya da mutum ɗaya, aka tsaurara dokar ɗaure birki. Tsofaffin tankokin, DOT-111, an hana su ɗaukar ɗanyen mai a Kanada daga 1 ga Nuwamban 2016. Sababbin, masu lamba 117, ƙarfensu ya kai kusan milimita 14 a maimakon 11, da riga ta biyu a waje, da abin tare zafi a tsakani, da garkuwa a gaba da baya, da murfi a kan bawul na sama. Ni da nake hawa kansu na san bambancin ba na takarda ba ne. Sannan daga baya aka hana jirgin da ya ɗauko tankin kaya masu haɗari 20 ko fiye wuce kilomita 80 a awa, a manyan birane kuma 64 a lokacin.

Maigidanki ya yi gaskiya, akwai doka. Amma ban gama ba, sallah ta kama ni, zan dawo.

Ɗan Taura

Allahu akbar. Allah ya jiƙan musulmin da ke ciki, ya ba iyalai haƙuri. Kawu Sale, ni daga Jigawa nake karanta ku. Mutum 47 suka mutu aka sauya dokar ƙasa gaba ɗaya. Mu a Majiya, Oktoban 2024, tankar fetur ɗaya ta faɗi, sama da mutum 150 suka tafi. Wata uku bayan nan aka sake yi a mahaɗar Dikko kusa da Suleja. Ni da ina cikin masu cewa da ana ɗauko mai ta jirgin ƙasa da mun huta da tankoki a kan titi, yanzu kuma kun sa na fara tunani. Tambayata ita ce, ƙasa mai kuɗi irin Kanada, me ya hana su sa shi duka a bututu?

Injiniya Bashir, Minneapolis

Ɗan Taura, bututu ba ya zuwa ko'ina, kuma gina shi sai an shekara ana shari'a. Lokacin da aka fara haƙo man Bakken da yawa, mai ya riga bututu zuwa. A 2008 tankin ɗanyen mai da manyan kamfanonin jirgin Amurka suka ɗauka bai kai 10,000 ba a shekara. A 2013 ya wuce 400,000. Layukan, tankokin, ma'aikatan, 'yan kwana-kwanan ƙauyuka, ba wanda aka shirya wa wannan. Da aka buɗe bututun Dakota Access a 2017 sai abin ya ƙara raguwa. Bututun Keystone XL kuma Obama ya ƙi, Trump ya amince, Biden ya soke a 2021. Kuma bututun shi ma yana fashewa. Ba ya yawan kashe mutane, amma in ya tsiyaya yakan zubar da mai yawa kafin a farga, kamar na kogin Kalamazoo a Michigan a 2010.

Ra'ayinka na farko bai ɓaci ba. Tankin jirgi ɗaya na ɗaukar ganga wajen 700, kusan lodin manyan motoci uku ke nan, kuma ba ya goga kafaɗa da motocin haya da 'yan acaɓa.

Hajiya Maman Ilham, da girmamawa ga Kawu, kada labarin ya firgita ki fiye da kima. Bayan Lac-Mégantic jiragen mai da dama sun faɗi sun kama da wuta a nahiyar nan: Casselton a Dakota ta Arewa ƙarshen 2013, Lynchburg a Virginia 2014, Mount Carbon a West Virginia 2015, Gogama a Ontario sau biyu a 2015, Mosier a Oregon 2016. An kwashe mutane, an gurɓata koguna, gida ya ƙone a Mount Carbon, amma a duk waɗannan da na lissafa ba a rasa rai ba. Abin da ya sa na Quebec ya zama abin da ya zama gudu ne. Jirgin da ke ratsa tsakiyar birni da direbobinsa a ciki ba ya yin irin wancan gudun. Wanda ya fi kashe mutane a harkar jirgin ƙasa kowace shekara tsallaka layi ne, da mota ko da ƙafa.

Inda nake jin haushi a nan Amurka shi ne yadda doka ke shiga ta fita. A 2015 aka kafa dokar sababbin tankoki, a ciki har da birki mai aiki da lantarki, wanda ke kama dukkan taragu lokaci ɗaya. Birkin iska na yanzu daga gaba yake farawa ya bi tarago bayan tarago, kafin ya kai na ƙarshe na baya sun riga sun turo na gaba. Kamfanoni suka ce tsadarsa ta fi amfaninsa, a 2018 aka cire wannan sashen. Jihar Washington ta yi dokar rage gas ɗin da ke cikin mai kafin a sauke shi a matatunta, gwamnatin tarayya ta rushe ta a 2020. Dokar mutum biyu a kan jirgi kuwa sai Afrilun 2024 ta fito, bayan abin da ya faru a East Palestine ta Ohio a 2023, wanda ma ba ɗanyen mai ba ne, sinadarai ne. Kamfanoni suka garzaya kotu. Ɗaya daga cikin hujjojinsu ita ce ko rahoton TSB bai sa direba ɗaya a cikin dalilai 18 ɗin ba, kuma wannan gaskiya ne.

Kawu Sale, Edmonton

Injiniya, gaskiya ne bai sa ba. Amma ka taɓa murɗa birkin hannu? Ka hau tsani, ka murɗa har kafaɗarka ta amsa, ka sauko, ka taka tsakuwa zuwa na gaba, cikin duhu, bayan ka wuni kana tuƙi. A ce ka yi ashirin kai kaɗai, ba mai ce maka "Malam, bakwai ba su isa ba." Ni ba na buƙatar rahoto a kan wannan.

Maganar Casselton da sauran kuma, ka faɗi daidai, amma ka lura da inda suka faɗi. Yawancinsu a fili ne ko bakin kogi. A Casselton da jirgin ya ƙara ɗan gaba da a cikin gari ne. Wannan tsarewar Allah ce, ba aikin doka ba.

Maman Ilham, ga inda na tsaya. Abin da ya fi kusa da ke ba Quebec ba ne, Guernsey ne, wani ɗan ƙauye a gabas da Saskatoon, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna a mota. A Disamban 2019 jirgin ɗanyen mai na kamfanin jirgin ƙasa na Canadian Pacific ya faɗi kusa da shi ya kama da wuta. Ba a cika wata biyu ba, 6 ga Fabrairun 2020, wani ya sake faɗuwa a ɗaya gefen ƙauyen. Kowanne ya zubar da fiye da lita miliyan ɗaya, aka rufe babbar hanya ta 16, a na biyun aka kwashe mutanen ƙauyen. Na biyun nan sababbin tankoki ne, 117 ɗin da na gama yabo ɗazu. Kuma jiragen ba su karya dokar gudu ba, wajen kilomita 70 suke yi. Layin ne ya gaza. Ƙarfen dogo in sanyi ya tsananta yana tsukewa ya yi gautsi, in da tsaga a ciki sai ya karye a ƙarƙashin nauyi. Ke da ke Saskatchewan ba sai na gaya miki sanyin Fabrairu ba.

A ranar ministan sufuri na lokacin, Marc Garneau, ya ba da umarnin rage gudu zuwa kilomita 32 a birane, 40 a wajensu. Kwana goma aka yi aka sassauta, don kaya sun fara taruwa. Daga baya aka fito da tsarin da ya haɗa gudu da tsananin sanyi da irin na'urorin da ke kan layi. Wannan shi ne ra'ayina a kan harkar gaba ɗaya: an gyara tanki domin tanki sau ɗaya ake sayensa, kuma galibi ba kamfanin jirgi ne ke biya ba, masu mai ne da masu ba da hayar taragu. Duba layi, sauya katako, ɗaukar isassun ma'aikata, rage gudu, waɗannan kullum suke cin kuɗi, kuma a nan ake ja-in-ja. Tsarin Kanada ma kamfani ne ke rubuta shirinsa na kiyaye haɗari, yawancin dubawar ma'aikatansa ke yi, jami'an gwamnati su zo su duba ko ana bi. Ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasa ya soki wannan sa idon a 2013, ya dawo a 2021 ya ce har yanzu ma'aikatar ba ta iya nuna cewa binciken nata na rage haɗari ba.

Wani gyara da ba a cika faɗa ba shi ne inshora. MMA inshorar dala miliyan 25 gare shi, wata ɗaya bayan haɗarin ya ce ya karye. Sai da aka bi kamfanonin mai da masu tankoki aka tara asusun diyya na sama da dala miliyan 400. Tun dokar 2015 manyan kamfanoni sai da inshorar dala biliyan 1, kuma ana karɓar wani ɗan kuɗi a kan kowane tan na ɗanyen mai ana tarawa. Mutanen Lac-Mégantic kuwa, a 2018 firaministan Kanada na lokacin, Trudeau, ya je ya yi musu alkawarin layin da zai kewaye garin, kimanin kilomita 12. Aka yi bikin cika shekara goma da haɗarin a 2023 jirgi na nan na bi ta tsakiyar gari, ana ta rigima da manoman da za a karɓi gonakinsu.

Da 'yata ce ta tambaye ni, ba zan ce kada ta karɓi gidan ba. Zan ce ta koma ta duba abubuwan da tagar kicin ba ta nunawa. Layin miƙaƙƙe ne a wurin ko kwana? Akwai mahaɗar layuka? Jirgin na rarrafe ne ko gudu yake? Unguwar tana da mafita ta ɗaya gefen, ko dole sai an tsallaka layi kafin a fita? Wannan na ƙarshen ya fi duka muhimmanci, don jirgin da ya faɗi yakan toshe mashiga fiye da ɗaya. Littafin da 'yan kwana-kwana ke aiki da shi ya ce in tankin mai ya kama da wuta a janye mutane mita 800 ta kowane ɓangare. Ki auna a taswirar wayarki, har da makarantar yaran. Za ki tarar gidaje da yawa da ba a hango layi daga cikinsu su ma suna cikin wannan tazarar, ƙila har da inda kuke yanzu.

Maman Ilham, Saskatoon

Kawu, Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Injiniya na gode. Na auna, inda muke yanzu ma mita 600 ne daga wani layin, ban taɓa sani ba. Tambaya ta ƙarshe, akwai inda zan je a gaya min abin da jiragen ke ɗauka ta unguwar, da lokacin da suke wucewa?

Kawu Sale, Edmonton

Lokaci kam ba za su ba ki ba, sun ce saboda tsaro. Amma tun ƙarshen 2013 doka ta tilasta wa kamfanonin jirgi su riƙa ba hukumar kowane gari bayanin irin kayan haɗarin da suka bi ta cikinsa, kuma manyan kamfanonin na fitar da jerin goma da suka fi yawa a kowane lardi, kowa na iya gani. Ki kira ofishin shirin ko-ta-kwana na birni, ki tambaye su tsarin kwashe mutane na unguwar, ki kuma sa lambarki a tsarinsu na aika saƙon gaggawa. A mashigar layi mafi kusa da gidan akwai ƙaramin allo mai lambar wayar kamfanin da lambar mashigar. Ki ɗauke shi hoto. In mota ta maƙale a kan layi, ko kika ga wani abu na tsiyaya daga tanki, wannan lambar ce ke kai ki kai tsaye ga mai iya tsayar da jirgi, sannan ki kira 911. Ki gaishe da maigidan da su Ilham.